Amyar Giginya da Kunka Wanke da Sabulu

Zuwa ga Shugaban cibiyar binciken ƙwari da maganin feshi, wadda ma'aikatanta sunka zo Rimawa neman ƙudan zuma.

Assalamu alaikum. Ranka shi daɗe, ina gaishe ka, kai da iyali da duk masu aiki ƙarƙashinka.

Sunana Alu Mai Amya, mutumin Rimawa cikin ƙasar Goronyo. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Maƙwabcina Malam Garba, tsohon hedimasta, shi ke riƙe da alƙalami, ni ke faɗa, kuma na rantsar da shi kada shi sassauta mini magana. Sau uku na aika muku saƙo ta hannun mai gari, shiru. Shi ya sa na ce a buga wagga wasiƙa inda jama'a za su gani.

Tun ina saurayi nake hawan itace ina rataya amya. Da can ina da talatin da ɗoriya. Da noman albasa ya bunƙasa bakin dam, feshi ya yawaita, sai na koma sharar gawar ƙuda da tsintsiya ƙarƙashin itace, har amyoyina masu rai sunka koma tara. Ana haka, rani biyu da sunka wuce, wani Dakta naku ya zo da mota, ya ce kuna son ku gane wane magani ke kashe su don a hana shi. Wallahi na yi murna. Ya nemi aron amya uku, ya ce kwana arba'in za a maido mini da su da ƙudansu. Cikin ukun ya nuna ta giginya, don ta fi yawan ƙuda. Wagga amya mahaifina ya fafe ta da hannunai daga kututturen giginya tun ban san kaina ba, kuma tun da anka rataya ta bisa tsamiyar bayan gari ba ta taɓa yin wata biyu ba kowa ciki ba. Duk da haka na bayar. Ga abin da ya biyo baya.

Na ɗaya, ɗaukar. Sun zo da rana tsaka. Na ce a jira magariba, don da rana rabin ƙudan na daji wurin fure. Dakta ya ce hanya ba ta da kyau in yamma ta yi, tilas su juya da wuri. Wanga uzuri na san shi, mu ke zaune cikinsa. To mi ya hana ku kwana gidan mai gari ku tashi da asuba? Sunka toshe bakin amya da leda, sunka jera su bayan mota cikin ƙarfe mai zafi. Waɗanda ke daji sunka dawo sunka tarad da reshe wayam. Kwana uku suna dunƙule a wurin, ba uwa ba gida, har sunka zube ƙasa. Ni na share su.

Na biyu, abin da na gani da idona. Kwana arba'in ya zama wata huɗu. Na shiga mota daga Goronyo na zo har wurinku. Wata ma'aikaciya, Allah shi saka mata, ta ga tsufana ta zaga da ni. Na ga ɗakin fararen ɓeraye: sanyi na busawa, ruwa na ɗiga, kowane keji da katinsa. Ta ce ko allura ba a yi wa ɗaya sai manya sun zauna sun sa hannu, kuma akwai likita mai duba su. Ban yi wa ɓera hassada ba, halittar Allah ne, gara da kunka kula da shi. Sai na ce to ina nawa?

Ta kai ni wani lungu bakin taga. An raba ƙudana cikin ƙananan akwatunan raga, ana ba wasu ruwan sukari da magani, kowace safiya a ƙirga waɗanda sunka mutu. Wanga ban yi gardama da shi ba. Na san ba a gane guba sai wani ya sha. Amma aikin ya ƙare tun tuni, kuma akwai waɗanda ba a ba komi ba, lafiyarsu lau. Su anka bari cikin raga, anka tafi hutun Sallah, ba wanda anka ɗora wa ba su ruwa. Ƙishirwa ta kashe su, ba maganinku ba. Na tambayi Dakta wa za a tuhuma. Ya ce babu, don takardar dokarku ta dabbobi masu ƙashin baya ce, ƙwari ba su ciki. Ranka shi daɗe, wa ya rubuta takardar? Ya taɓa tsayawa kusa da amya ya ji yadda kukansu ke sauyawa in uwarsu ta mutu? Ni na sha ji. Malamanmu sun ce an hana kashe ƙudan zuma a banza, ba su ce sai mai ƙashin baya ba.

Na uku, kuma shi ya hana ni barci. An maido mini da amyoyi uku ba ƙuda. Biyu na saƙar ciyawa ne, ko yau ina iya saƙa wasu. Da anka sauke ta giginya, tun daga nesa na ji warin asibiti. An kankare cikinta da burushin ƙarfe, an wanke ta da sabulu da ruwan kashe cuta, an rubuta mata lamba da jan fenti. Direbanku har shina murmushi, wai sun tsabtace mini ita, da duk ta yi baƙin datti.

Wanga baƙin abu da kunka kira datti, shi ne amyar. Danƙo ne da kaki da ƙudan sunka shafe shekaru fiye da saba'in suna liƙawa. Ƙamshinsa ke kiran sabon taron ƙuda in tsoho ya tashi. Shi ya sa ba ta zama kango. Itacen banza ne in babu shi, giginya ce kamar kowace giginya. Da ɗayanku ya tambaye ni, ko ta bakin mai gari, da kalma ɗaya ta isa. Kun yi karatun ƙuda shekara da shekaru, amma ba ku tambayi mai ƙudan ba.

Na jiƙa ta cikin ruwan gulbi kwana bakwai. Na turara ta da kashin shanu da saiwar jema, na goga mata kaki daga sauran amyoyi, na maida ta reshenta. Gawo ya yi fure sau biyu tun daga nan. Na ga 'yan leƙen gida sun zo, su zaga bakinta, su shiga, su fito, su wuce. Taro huɗu sunka bi ta kan tsamiyar, ba wanda ya sauka. Yanzu ƙadangare ke kwana ciki.

Na huɗu. Har yau ba wanda ya zo ya gaya muna wane maganin ne. Masu albasa na nan na feshi da abin da sunka samu kasuwa, ban ga laifinsu ba, ba wanda ya faɗa musu. Amyoyina shida da sunka rage sun koma biyu. Sai ga mai gari makon jiya, wai kun aiko za ku shiga zagaye na biyu, kuna son biyun nan.

Amsata ita ce a'a. Ɗiyana sun ce in bari, hukuma ba a ja da ita, kuma wai za a ba ni wani abu. Ba a sayen ƙamshin shekara saba'in. Na kuma san ƙin nawa ba shi tsare komi. In ban ba ku ba, za ku samu a ƙauyen Boyekai wurin wanda bai san ku ba tukuna, nawa kuma feshi shi cinye su kafin baɗi. Duk da haka ba da hannuna ba.

Roƙona kaɗan ne. Ku sa ƙwari cikin takardar nan taku, ko da layi ɗaya ne: a ba su ruwa, a ɗora wa wani alhakinsu, wanda bai sha magani ba a maida shi inda anka ɗauko shi. Ku aiko wanda zai tsaya kasuwar Goronyo shi faɗi da Hausa wane magani ke kisa, don ƙudana su zama sun mutu kan wani abu. In kun ari amyar wani tsoho, ku ɗauke ta da duhu, kuma kada ku wanke.

Ban sa ran za ka karanta wagga ba. Malam Garba ma ya ce mini haka tun kafin shi buɗe alƙalami. In ta kai gare ka, Allah shi ba ka lafiya, shi yi maka jagora cikin aikinka, shi tsare ka da ganin abin da mahaifinka ya bar maka ya zama kango a hannunka.

Amyar na nan bisa tsamiya, na hana a sauke ta ko bayan raina. Duk ranar da kunka biyo hanyar Rimawa za ku gane ta, jan fentinku bai goge ba. An ce mini lambar bakwai ce. Tun da kunka maido ta, lambar nan kaɗai ta yarda ta zauna jikinta.

Wassalam.

Alu Mai Amya,
Rimawa.