Ruwan Bankwana a Gonar Kalfu

Yaya Isufu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina zaman Abijan? Yaya Hadiza da yara? Mu nan Tawa lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Albishirinka! Ka san Baba, in rana ta fito daidai tsakanin rumbunanmu biyu, sai ya ce dare da yini sun yi daidai, damina ta ɗaure kayanta. To bana ranar ta zo hatsinmu na Kalfu bai ƙosa ba, don mun makara da shuka. Baba ya daina cin abincin kirki, kullum idonsa na gabas. Na ce mu matsar da rumbu ɗaya mana, ya harare ni.

Sai ga hadari ran Juma'a da la'asar! Aka sheƙa ruwa, Baba ya fito tsakar gida ba hula yana ta dariya.

Jiya muka gasa tumun farko. Inna ta rataye zangarniyarka a ɗakinta, ta ce ba mai taɓawa sai ka zo.

Ka taya mu addu'a Allah ya tsare gonar daga tsuntsaye. Gai da kowa. Kuma ka hanzarto, Yaya, don ni ban yi wa Inna alkawari ba.

Ƙanwarka,
Rabi