Karofin Mudi a Mahuta

Mahuta, watan Gani, shekara ta 1298 daga Hijira

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Daga ɗanka Mudi zuwa ga Kawu Jibo marini, a Gozaki. Gaisuwa mai yawa da girmamawa. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da Inna da duk mutanen gida. Yaya ƙafar taka? Yaya kuma iyalina Hajo da nauyin da take ɗauke da shi? Ni dai ina nan lafiya, alhamdu lillahi.

Bayan haka, Kawu, na iso Mahuta bayan kwana uku a hanya, kuma abin da fatake suka faɗa mana gaskiya ne. Garin cike yake da masaƙa, kusan kowane gida mata na kaɗi, amma babu marini ko ɗaya. Mai son baƙin zane sai ya naɗe farin ƙyallensa ya yi tafiyar yini guda. Mai gari ya karɓe ni da kyau, ya ba ni fili a bayan gari kusa da rafi, ya kuma sauke ni a zauren wani masaƙi mai suna Buba.

Na fara haƙa rijiyar rini. Ƙasar ja ce mai tauri, ni kaɗai nake haƙa, ni nake fitar da ƙasar. Na kai zurfin gaba biyu, ina so in kai uku kamar taka. Abin da ya tsaya mini shi ne lason da zan shafe ta da shi. Gashin awaki na samu wurin majema, dafara kuwa, wadda ake kwaɓa lason da ruwanta, tana nan a daji, amma babu tsohon karofi, wato marina, a nan da zan kwashi katsi, dagwalon da ke kwantawa a gindin rijiyar rini, in ƙona. Don Allah ka taimaka ka aiko mini da kayan jaki biyu na katsi tare da ayarin da zai taso bayan kasuwarku.

Buba mutumin kirki ne, sai dai ba ya gane jinkirina. Kullum cewa yake in yaɓe ramin da yumɓu in fara aiki, mutane na jira. Na gaya masa abin da ka koya mini, cewa rijiyar da aka yaɓe da gaggawa ta ƙasa take shanye rini, mai ita yana tsaye a kanta bai sani ba. Dariya kawai ya yi.

Kafin nan ina rina zare a cikin tukwane biyu. Wata tsohuwa, Tasalla, wadda aka ce duk garin ba wanda ya kai ta kaɗi, ita ta fara kawo mini nata. Da na mayar mata, sai ta jiƙa yatsa ta murza zaren, ta duba yatsan, rinin bai fita ba. Tun daga ranar take aiko mini da tuwo.

A gaya wa Hajo ta ƙara haƙuri. Na ce mata zan zo in ɗauke ta kafin ruwa ya sauka, amma yanzu ina shakka. Kowane shafi na laso sai ya bushe sarai kafin a ɗora wani, kuma ba ni da yadda zan sa shi ya yi sauri.

A gaida Inna ƙwarai. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Ɗanka,
Mudi

Mahuta, bayan Ƙaramar Salla

Daga Mudi zuwa ga Kawu Jibo. Gaisuwa da fatan alheri. Yaya aka sha ruwa, yaya kuma damina? Ina fata ƙafarka ba ta tashi da sanyin nan ba. A yi wa Inna barka da salla.

Saƙonka ya iso ni ta hannun madugun ayari, cewa Hajo ta sauka lafiya cikin azumi, an sami mace, an sa mata sunan Inna. Na gode wa Allah, na gode maka da ka tsaya a madadina, ragon suna da komai. Ban zo ba, kuma na san an yi magana. Ina so ka ji dalili daga bakina.

Katsin da ka aiko ya isa. Na shafe rijiyar sau biyar, na cika ta da ruwa na bar ta kwana bakwai, ruwan bai ragu ko da faɗin yatsa ba. Ran nan har Buba ya kira mutane su zo su gani. Sai na zuba baba da toka, na rufe, na shiga juyawa safe da yamma. A daidai lokacin labarin haihuwa ya zo. In na tafi rinin ya mutu, ga rafuffuka sun cika, kwana ukun hanya sun koma biyar. Na zauna.

Kawu, duk da haka rinin bai yi ba. Kumfa ta taso kamar ya nuna, warin ma na ga kamar daidai ne. Buba ya ba ni ƙyallen da ya shafe wata biyu yana saƙawa, na tsoma shi sau goma sha biyu, ya fito fari-fari kamar toka, wani wuri duhu wani wuri haske. Na shanya shi a bainar jama'a, domin ba inda zan ɓoye shi. Buba ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, “Mudi, wannan ne abin da muka jira wata bakwai?” Na ciro babbar rigata, wadda ka ba ni ranar ɗaurin aure, na ba shi. Ya ƙi karɓa, na bar masa ita a kan masaƙarsa.

Na rasa bikin sunan 'yata, na kuma rasa rinin da na zauna dominsa. Kwana da kwanaki ban iya cin tuwon Tasalla ba.

Ita ce ma ta lura da wani abu. Ta tambaye ni tokar da nake amfani da ita a tukwane, na ce ta murhunta ce, ta karan dawa. Ta rijiya kuwa itacen bakin rafi na ƙona. Ina jin tokar ce ba ta da ƙarfi. Ban tabbata ba. Na kwashe rijiyar duka, kwana uku ina ɗiba, zan jira a yanke dawa in sami kara. Baban da na shuka a gefen filin ya yi kyau, shi kaɗai ne abin da nake kallo in ji sanyi.

In akwai wani abin da ka gani ban gani ba, ka aiko mini. A gaya wa Hajo ina gaishe ta da jiki. A shafa mini kan mai sunan Inna.

Ɗanka,
Mudi

Mahuta, watan Gani, shekara ta 1299

Daga Mudi zuwa ga Kawu Jibo. Gaisuwa mai yawa, da addu'ar Allah ya tsare ku. Yaya kuke? Wannan tambaya ba ta al'ada ba ce kawai, Kawu, don Allah ka amsa mini ita da suna-suna.

Da na so in fara da labari mai daɗi. Tokar ce, kamar yadda kai ma ka faɗa a saƙonka. Bayan kaka na sake zubi da tokar kara, rinin ya nuna a kwana na tara. Ba wanda ya yarda ya ba ni ƙyalle, sai Tasalla ta kawo tsohon zanenta. Ya fito baƙi wuluk, ta ɗaura shi ta tafi kasuwa ta zauna inda kowa zai gan ta. Bayan ita mutum biyu suka zo, sannan Buba da kansa, ya ajiye ƙyalle bai dube ni ba. Ban karɓi abin da ya fi ƙarfin rijiya ɗaya ba, wasu na mayar da su sun tafi suna gunaguni. Yanzu har daga ƙauyuka ake zuwa. Na haƙa ta biyu, tana shafi na uku. Na kuma gina ɗaki a gefen filin, na yi jinka, saura ƙofa. Niyyata in taso ƙarshen watan nan in ɗauko su.

Sai ga wani mai jaki da saƙonka na baka, cewa cutar agana ta shiga Gozaki, ta shiga unguwarku, kuma ka ce ban da ni, kada in kuskura in zo. Ka ce kai da Inna kun yi ta tun kuna yara, Hajo ma haka, ni ne ban taɓa yi ba. Na tambaye shi yarinyar fa, ya ce ba a ba shi saƙo a kanta ba. Ya faɗi haka yana gyara igiyar jakinsa.

Na ɗaure kayana a ranar. Na kai har bakin rafi. A nan Buba ya cim mini, ya ce mai gari ya yi shela, duk wanda ya tafi wajenku ba zai sake shigowa Mahuta ba sai cutar ta wuce. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya ce bayan nan ne ya tsayar da ni: in na je na kwanta, Hajo ce za ta yi jinyar mutum biyu, in kuma na mutu ta rasa duka. Na zauna a kan dutse har rana ta yi tsaka, na dawo.

Ga ni nan. Ina juya rini safe da yamma, ina tsoma ƙyallen mutane, ana yaba mini. Ban taɓa ganin fuskar 'yata ba. Na kai wa limamin garin sadaka a yi addu'a, ban san wani abin da zan yi ba bayan wannan. Mai jakin nan ya yarda zai ajiye takardar a ƙofar gari a wurin mai tsaro. In ba za ka iya rubutu ba, ka aiko ko da kalma ɗaya ce, kowace iri ce.

Allah ya ɗauke muku, ya ba marasa lafiya sauƙi.

Ɗanka,
Mudi

Mahuta, watan Azumin Tsofaffi

Daga Mudi zuwa ga Hajo. Na san Kawu ne zai karanta miki wannan, ina roƙonsa ya yafe mini rashin kunya, ya karanta duka kada ya tsallake.

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikinki, yaya gajiyar jinya? Yaya mai sunan Inna? Sannu, Hajo. Sannu da abin da kika ɗauka ke kaɗai.

Takardar Kawu ta iso shekaranjiya, bayan wata huɗu ban ji kome ba. Ya ce yarinyar ta tashi, tana shan nono, har ta fara rarrafe. Ya ce cutar ta taɓa idanunta duka biyu, kuma masu sani sun duba sun ce ba za ta gani ba. Ya ce kwana ashirin kina riƙe da hannuwanta don kada ta soshe fuskarta. Na karanta wurin nan na kasa wucewa. Na yarda da hukuncin Allah, amma ba zan ɓoye miki ba, ina ta tunanin da na ɗauko ku bayan kaka, ku kwana a zauren Buba tare da ni, da watakila ba haka ba. Na tsaya sai ɗaki ya yi, sai rijiya ta biyu ta yi, sai na tabbata ba za ki zo ki ji yunwa ba. Har yau ban san ko kuskure na yi ba. Na tambayi liman, ya ce abin da aka rubuta ba ya wuce lokacinsa. Na san haka ne, zuciyata ce ba ta kwanta ba.

Aiki yana tafiya. Rijiya biyu suna ci, akwai dawa a rumbu da za ta kai mu kaka. Ba na jin daɗin faɗar wannan, amma ya kamata ki sani.

Jiya da safe na tsaya a ƙofar ɗakin da na gina miki, na auna zuwa bakin rijiyar farko. Taku goma sha ɗaya ne. Ni na ajiye shi kusa haka don in riƙa jin motsinku ina aiki. Rami ne mai gaba uku, bakinsa daidai da ƙasa, murfinsa na ciyawa. Na fara kwaɓa ƙasa a take, zan kewaye karofin da katanga mai ƙofa ɗaya. Buba ya bar saƙarsa ya zo yana miƙo mini tubali. Ruwa ya fara sauka, don haka ginin zai riƙa tsayawa, ban san yaushe zai ƙare ba.

Kada ku jira ya ƙare. An buɗe hanya, ayari zai taso daga wajenku ranar kasuwa ta sama, na yi magana da madugun, zai ba ki jaki. Ni zan taso in tarye ku a mashigin rafi na biyu kafin ya cika. Rinin da ke cikin rijiya in ya mutu kafin mu dawo, ya mutu. Tasalla ta ce ku sauka a ɗakinta, can cikin gari, har katangar ta kai ƙugu, ta ce bayanta bai tsufa da goyo ba.

Abu ɗaya nake roƙo. Yarinyar ba ta san muryata ba, ga hannuwana baƙaƙe masu kaushi da warin rini, ina tsoron ta firgita. In mun haɗu kada ki miƙo mini ita nan da nan. Ki bar ta a bayanki, ni zan bi gefen jakin ina yi miki magana har mu iso gida.

A gaida Kawu da Inna, Allah ya saka musu da alheri. Allah ya kawo ku lafiya.

Mijinki,
Mudi