Hannun Inna Ya Dunƙule

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya Anti Rabi da yara? Mu nan Kurfi lafiya lau, sai dai jikin Inna.

Hannunta da ya shanye, wanda da yake reto, yanzu ya dunƙule ya manne da ƙirji. Kawu Lawal har sadaka ya yi, wai ƙarfi ne ya dawo. Yaya, ba ƙarfi ba ne. Jiya ina mata alwala, ina jan yatsun suna ƙara damƙewa, farce ya huda tafin har ya fara wari. Likitar gashin ƙashi a Dutsin-Ma ta ce jijiyoyi ne suka ɗaure, a riƙa miƙar da shi a hankali kullum, in aka fizga zai iya karyewa.

Amma Kawu ya kira maɗori daga Tamawa. Ranar Juma'a za a danne ta ya miƙe hannun da ƙarfin tsiya. Na yi magana, ya ce yaushe aka haife ni. Maganarka kaɗai yake ji, don Allah ka kira shi.

Ka gaida kowa, ku sa mu a addu'a. Inna ba baki, amma tunda ta ji zancen maɗorin, ko sallama aka yi sai ta zuba wa ƙofa ido.

Ƙanwarka,
Hadiza