Sai Bango Ya Bushe

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara, ya jikin Ummanku? Allah ya ƙara mata sauƙi. Ke kuma Allah ya yi miki albarka da kika ɗauke ta zuwa gidanki da aka sallame ta daga asibiti.

Ki daina kirana a waya kina ihu. Kin san injin buga bulo ya cinye mini kunne, ba abin da nake ji sai ƙugi. Direba yana kawo kaya garinku duk mako, ki riƙa ba shi takarda.

Na fara aikin. Tun da likita ya ce ɓarin jikinta na hagu ba zai sake hawa matakala ba, na san ɗakinta na sama ya tashi aiki. Na rushe sito, na ci wani yanki na falo, zan fitar mata da ɗaki da banɗaki a ƙasa. Ƙofofin masu faɗi ne, yadda keken da ake tura ta a kai zai wuce hannunta bai gogi bango ba. Tayil mai kaushi zan sa, ba mai sheƙin nan da kuke so ba, wanda ɗigon ruwa ke kwashe mutum. Makunnin fitila ƙasa-ƙasa, daidai hannun wanda yake zaune. Ki gaya mata ta kwantar da hankalinta, da na gama zan aiko a ɗauko ta.

Maigidanki ya aiko yana tambaya a kan ginin da za ku fara. Ya yi hankali da ya tambaya, don takardun karatunsa ba za su nuna masa inda ruwa ke kwanciya ba. Ni a aji uku na bar sakandare, da baro na fara, yau kuwa ba layin da za ki bi a unguwar nan ba ki ga bulona ba. Ki ce masa kafin a haƙa tushe ya je ya tsaya a filin ranar da ake ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya ga inda ruwan ke bi. Ya ɗaga daɓen gidan sama da titi sosai, don titi kullum tashi yake, gida kuwa yana nan inda ka ajiye shi. Idan zai sayi bulo ya ɗauki ɗaya ya sake shi ƙasa. In ya dagargaje, ya yi gaba, ko da mai bulon ɗan uwansa ne.

Ki gaida yaran. Ki sa ido a kan maganinta, na san halinta, ɓoyewa take yi a ƙarƙashin filo.

Mahaifinki.

*

Baba,

Amin wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da girmamawa, ya aiki, ya kaɗaici? Saƙonka ya iso, na karanta wa Umma tun daga farko har ƙarshe. Maganarta ta fara fita, sai dai a hankali, kuma sai ka matso kusa.

Da na zo wajen tayil sai ta yi dariya har ta sarƙe. Ta ce in rubuta maka haka, kada in rage komai: “Ki ce wa sarkin magina ɗakin da ya fara ajiye ni yoyo yake yi, kwanonin cin abinci nake jerawa a kan gado, kuma ban gudu ba. Ya shimfiɗa mini katifa a falo kawai, ni gida nake so.”

Baba, da gaske take. Ba mu rage ta da komai ba, ɗakin yara muka ba ta, amma kullum fuskarta tana wajen ƙofa. Idan ta ji ƙarar babbar mota a layi sai ta ce in leƙa ko kai ne. Likita ya ce ƙirjinta ba ƙarfi, a kiyaye ta da sanyi da ƙura. Ya kuma ce mini wata magana a waje wadda ban gaya mata ba: duk abin da ranta yake so a yi mata shi da wuri.

Baban yara ya je filin cikin ruwa kamar yadda ka ce, ya dawo jiƙe sharkaf da takalmi ƙafa ɗaya. Ya ce a gode maka, ashe ruwan layin gaba ɗaya ta tsakiyar falonmu zai bi. An haƙa tushe.

Ko sau ɗaya ka biyo Direba ka zo ka gan ta mana.

'Yarka mai biyayya.

*

Uwata,

Assalamu alaikum. Na ga takardarki, na gode.

Ke da bakinki kika ce likita ya hana ta sanyi da ƙura. To falon da take cewa a shimfiɗa mata katifa, yanzu haka yashi ne a cikinsa da buhunan siminti, bango ɗaya a buɗe. Ni kaina a sama nake cin abinci saboda ƙura. Nan zan kwantar da matata? Mutane su shigo dubiya su ga matar mai gidan bulo a kan katifa tsakanin shebur da bokiti? Wancan ɗakin na yoyo ba ni da yadda zan yi ne a lokacin. Yanzu ina da shi.

Da tuni aikin ya yi nisa, Dogo magini ne ya cuce ni. Na fita duba mota, kafin in dawo ya shafe bangon gabas da yashi mai laka. Da ido ba za ki gane ba, lafiya lau, sumul. Da na ƙwanƙwasa da bayan cokalin gini na sa tafin hannuna, sai na ji ciki fanko ne. Ya ce wai fenti zai rufe. Na ce, “Dogo, tsawonka ne ya yi yawa har hankali bai kai sama ba?” Na sa ya kankare shi tas, aka sake sabo a gabana. Irin wannan shafen shekara biyu zai fara zubowa, kuma daidai kan gadonta yake.

Kin ga dalilin da ya sa ba zan iya tasowa ba. Ranar da mai gini ya juya baya, ranar ake cin siminti. Ki gaya wa maigidanki haka. Duk ranar kwaɓi ya tsaya a wurin, ko da zai nemi izini a wurin aiki. Ya murza yashin a hannunsa, in ya bar masa jan datti a tafi, laka ce, a mayar wa mai tifa kayansa. Bayan an ɗora bulo a riƙa ba shi ruwa safe da yamma, siminti da ruwa yake ƙarfi, ba da rana ba. Kuma kada wanda ya ruɗe shi ya yi fenti a kan ɗanyen shafe. Danshin da ka kulle a bango ba ya mutuwa, fitowa yake yi ta ƙirjin masu ɗakin.

Damina ce ke ja mini, bangon ya ƙi bushewa. Na kunna fanka biyu a ɗakin ba dare ba rana. Maganar likitan nan kuma, su haka suke, sun ce da ni ma ba zan sake ɗaga buhu ba, ga ni nan.

Ki ce mata na buɗe mata babbar taga ta wajen bishiyar lemonta. Tana kwance za ta riƙa ganinta.

Mahaifinki.

*

Baba,

Assalamu alaikum, ina gaisuwa. Ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, ban taɓa ɗaga maka murya ba, ba kuma yau zan fara ba.

Umma ta daina tsokana. Da na karanta mata labarin Dogo na zaci za ta yi dariya, sai ta ce kawai, “Haka yake, ba ya son abu rabi da rabi.” Ta juya fuska bango. Abinci sai cokali biyu. Ƙafafunta sun kumbura, numfashinta sai ta zauna. Ta daina cewa in leƙa idan mota ta wuce.

Jiya ina gyara mata gashi ta ce, “Ko babanki tsoron ganina yake yi a haka?” Na ce aiki ne ya riƙe ka. Ta ce ta sani, tun tana amarya in abu ya dame ka sai ka nemi abin gyarawa, ranar da aka yi mata aikin haihuwata ma ƙyauren gida ka cire kana saita shi.

Kana ta maganar shafen da zai zubo nan da shekara biyu. Baba, wa ya ba mu shekara biyu? Ka rufe bangon da labule, ka share ƙurar, mu kawo ta. In danshi ne, na ɗauki alhakin. In mutane ne, ni zan tsaya a ƙofa in ba su amsa.

Namu ginin ya kai linta, an kawo katakon rufi. Wallahi ko zuwa gani ba na iya yi.

'Yarka.

*

Uwata,

Wa alaikumus salam. Na karanta takardarki a tsaye, na sake karanta ta a zaune. Ba tsoro ba ne, ki gaya mata. Ni da na faɗo daga saman bene na tashi na ƙarasa aikin ranar, tsoron me?

Na fasa fentin. Tunda kin ce haka, za ta shiga da bango a yadda yake, toka-toka, in rani ya yi a fente. Bai gama bushewa ba ta kusurwar ƙasa, amma na ja gadon zuwa tsakiyar ɗaki. Na sauko da gadonta na sama da kaina, da madubinta da akwatinta. Labulen ma nata ne, na sa tela ya ƙara masa tsawo. An wanke falo sau ba adadi.

Abu ɗaya ya rage. Matakalar ƙofar gida na fasa ta, na zuba gangara yadda za a turo keken tun daga bakin titi har gefen gado ba wanda ya ɗaga ta. Ba na son ƙarti su ciccibi matata kamar kayan da aka sauke daga mota. Shekaranjiya aka zuba kankaren, ɗanye ne, in taya ta hau yanzu zai dare. Na rufe shi da buhu ina ba shi ruwa. Zuwa ƙarshen mako ya kama.

Ku shirya ta. Wannan zuwan Direba da babbar mota ne, ba za ta iya jijjigar ba. Mako mai zuwa zan karɓi ƙaramar mota mai sanyi, ni da kaina zan zo, in zauna da ita a baya.

Ki ce wa maigidanki ya jiƙa katakon rufin da maganin gara kafin kafinta ya taɓa shi, kuma ya fitar da bakin kwano nesa da bango.

Ki ce mata lemon ya yi 'ya'ya har reshe yana taɓa tagar.

Mahaifinki.

*

Baba,

Assalamu alaikum. Ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Umma, ya sa ta huta.

Da ka zo jana'iza ba mu samu magana ba. Mutane sun yi yawa, kuma abin da nake son gaya maka ba na ihu a kunne ba ne. Ka juya tun kafin masu gaisuwa su watse, na ga ƙaramar motar da ka zo da ita, ban iya kallonta sau biyu ba.

Takardarka ta same ta da ranta, ina so ka san wannan. Na karanta mata da rana, tana jingine da filo. Ta sa na maimaita wajen da ka ce za ka zauna da ita a baya. Ta ce, “Shi da bai taɓa yarda wani ya ja shi a mota ba?” Ta yi murmushi, irin wanda na kwana biyu ban gani ba. Ta sa na ciro mata atamfar da za ta sa a hanya, na goge, na rataye inda za ta riƙa gani. Ta tambaye ni ko na gaya maka ka sa ƙusa a bango ta wajen hannun dama, don carbinta. Na ce za ka sa. Washegari da hantsi numfashin ya tsaya, kanta yana kan cinyata.

Na yi fushi da kai, Baba, ba zan ɓoye ba. Har yanzu wani lokaci yana tasowa. Amma ita ba ta tafi da fushi ba, ba kuma zan riƙe abin da ita ba ta riƙe ba.

Direba ya ce kullum da safe kana ba gangarar ruwa, ya ce ba ka cin abinci. Ka zo wurinmu ka kwana biyu.

Baban yara yana gaishe ka. An rufa namu, an sa ƙofofi da tagogi, an gama shafe cikin makon nan. Mai gidan da muke haya yana son gidansa, amma baban yara ya ce ba za mu motsa ba sai abin da ka ce, ko zai nemi alfarma a ƙara mana lokaci har bangon ya bushe a yi fenti.

'Yarka.

*

Uwata,

Wa alaikumus salam. Amin, amin. Na gode da abin da kika rubuto. Ba zan iya tasowa yanzu ba, a ɗakin ƙasa nake kwana.

Ki ce wa maigidanki kada ya nemi alfarmar kowa. Rufi ba ya yoyo, ƙofa tana kulluwa, to gida ya samu. Ku ja gadaje nesa da bango, ku bar tagogi a buɗe da rana. Ku kwashi yaran ku tare cikin makon nan. Bangon zai bushe kuna ciki.

Allah ya yi muku albarka.

Babanki.