Jan Fentin da Kuka Shafa wa Dogon Yaronmu

Zuwa ga Shugaba da malaman jami'a masu binciken zafin gari,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ku da aiki, ina gaishe da iyalanku. Gaisuwa ta musamman ga Madam mai farar hula, wadda ta zo unguwarmu da ɗalibanta. Ban san sunanta ba, kunya ce ta hana ni tambaya.

Sunana Rahinatu. Ina zaune a zongon Dichemso, nan Kumasi. Bara na gama firamare. Yanzu ina taya Mmana, wato mahaifiyata, sayar da koko da ƙosai a ƙofar gidan da muke haya, a gindin wani babban itacen dogon yaro. Ban san inda ofishinku yake ba, shi ya sa na roƙi tsohuwar malamarmu ta sa wannan takarda inda kowa zai gani, ko Allah zai sa ta iso hannunku. In na yi kuskure ku yafe mini, ban taɓa rubuta wa manya ba.

Na ɗaya, godiya ce. Lokacin zafin da ya wuce, mutanenku sun rataye wani ƙaramin farin akwati na auna zafi a reshen itacenmu, suka ɗora wani a kan kwanon shagon tela da ke tsallaken hanya. Duk safiyar da suka zo dubawa sai sun sha kokonmu. Ba su raina mu ba. Madam har ta koyi cewa "a ƙara sukari", direbobin trotro, motocin hayan nan, suna ta yi mata dariya. Ranar da suka zo kwance akwatunan, ta zauna a bencinmu ta nuna mini taswirar gari a wayarta. Zongo duk ja ne kamar manja, wai alamar zafi ke nan, saboda kwano da siminti da rashin itatuwa. Amma akwai ɗan ɗigo kore a tsakiya. Ta sa yatsa a kai, ta ce nan nake zaune. Wallahi ranar na yini ina murmushi. Ban taɓa sanin wani zai ga wurin sana'armu daga sama ba.

Mu dai da ma muna jin daɗin wurin. Mutane suna wuce masu koko da ke bakin titi su zo wajenmu don inuwa. Masu tallan ruwa a nan suke sauke kayansu su huta. Dattawa suna shimfiɗa tabarma bayan azahar, suna hira, wani da Hausa, wani da yaren Twi, har la'asar. Kakata, wadda iyayenta suka zo daga Nijar, ganyen itacen take dafa mana idan zazzaɓi ya kama mu. Da ɗaci, amma muna sha. Ba mu da abin hannu da yawa, amma alhamdu lillahi.

Na biyu, shi ne kukana. Kafin su tafi, ɗalibanku sun shafa jan fenti a jikin itacen, da lamba a ƙasa. Madam ta gaya mini don kada su ƙirga shi sau biyu ne, kuma duk itacen da aka ƙirga za a roƙi hukuma ta kare shi. Ni kaɗai ta gaya wa, don ni ce a wurin. Ya malamai, a unguwarmu jan fenti ma'ana ɗaya gare shi: za a rushe. Yaro ma ya san haka.

Mai gidanmu, Baba Alhaji, dillalin shanu ne, mutumin kirki. Amma ya taɓa yin shago a Sofoline, aka shafa masa ja lokacin aikin hanya, ya yi sakaci, da ya je ko kwano ɗaya bai tsira da shi ba. Da ya ga fentinku sai ya tsaya ya daɗe yana kallo. Ya ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake yi. Ya ce tunda sarewa za a yi, gara ya sare abinsa da kansa ya sayar wa masu gasa burodi itacen, da a zo a kwashe a banza. Har ya yi magana da wani mai injin yankan itace daga Race Course.

Na je in yi masa bayani. Na durƙusa, na ce "Baba, ina kwana", daga nan na sunkuyar da kai. Ya ce, "'Yar Mma, kuɗin makaranta ne?" Na girgiza kai na gudu. Daga baya Mma ce ta gaya masa abin da na ji. Ya yi dariya, ba ta mugunta ba, ya ce, "Yarinyar da ba ta iya kallon idona ce ta ji turancin jami'a? To, wanda ya shafa ya zo ya faɗa da bakinsa, in ya faɗa na bari." Ya yarda zai jira har bayan sallar Juma'a mai zuwa. Bayan nan mai inji zai zo.

Idan itacen ya faɗi, Mma za ta soya ƙosai cikin rana, masu saye kuma za su tsaya a bakin titi. Ɗigon nan kore zai koma ja kamar sauran. Abin da ya fi damuna shi ne, ku da kuka zo don ku cece shi, fentinku ne zai kashe shi, ba ku kuma sani ba.

Na uku, roƙo. Don Allah ku turo mutum ɗaya kafin Juma'a. Ba sai babba ba, ko ɗalibi ne ya isa, in dai zai gaishe da Baba Alhaji yadda ya kamata, ya nuna masa taswirar nan a waya. Ku zo da farin fenti ko kore ku rufe jan. Sannan ku roƙi liman ya sanar a masallaci, domin ba itacenmu kaɗai kuka shafa wa ba, na ga irinsa a jikin mangwaron da ke bayan makarantar Islamiyya. Nan gaba kuma, duk unguwar da za ku shiga, ku fara tambayar mutanenta abin da launi yake nufi a wurinsu.

Ba fushi nake yi ba. Aikinku ya burge ni, har na gaya wa Mma in Allah ya sa na koma makaranta, irin karatun Madam nake so. Allah ya ƙara muku basira, ya albarkaci bincikenku, ya raya muku zuriya, ya sa ku gama lafiya.

Gidan ba wuyar ganewa. In kun shigo layin tela, ku duba inda mutane suka taru a inuwa. Mma ta ce ku zo da sassafe kafin ƙosai ya ƙare, kuma ba za ta karɓi ko sisinku ba. In kun iso kun tarar da inuwar tana nan, to kun zo a kan lokaci.

Wassalam.

Taku mai girmama ku,
Rahinatu, 'yar mai koko,
Zongon Dichemso, Kumasi.