Cokali Ya Koma Hannun Gendis

Wonogiri, 4 ga Maris

Yaya Lastri,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya, ke da tsohon da kike jinya a Taiwan. Allah ya ba shi sauƙi, ke kuma ya ƙara miki haƙuri da shi. Takarda na zaɓa don in na kira ki a waya, ba ma minti biyu sai faɗa.

Jiya aka yi awon yara a gidan mai unguwa. 'Yarki Gendis, shekara uku cur, kilo tara da rabi. Ungozoma ta ɗiga alƙalami a kan jan layin katin, ta dube ni. Kin san abincinta: farar shinkafa busasshiya da krupuk, soyayyen ƙwalan rogon nan mai ƙaras-ƙaras, shi ma sai farin. In romo ya taɓa gefen faranti, an gama cin abinci ke nan.

A gaban matan unguwa surukarki Kaka Painem ta ce in wata mai zuwa awo bai hau ba, za ta tafi da jikarta gidanta a garin Solo, wai ƙato mai wanke wake bai san rainon 'ya ba. Na ce, "Kaka, waken ma ya fi wasu jikoki samun tausayi." Kada ki yi min wa'azi, na san ban kyauta ba. Amma ji abin da fushi ya fito da shi daga bakinta: ashe Asabar ɗin nan uku da take cewa za su kasuwa, wajen mai cekok take kai ta. A danne yarinya, a matse mata tsumman saiwoyi masu ɗaci a baki, wai don cin abinci ya buɗe. Ta ce haka aka yi wa marigayi mijinki, ga shi ya girma. Ke ma an yi miki, ni ma an yi min, har yau ban manta warin ba.

A hannuna kika bar Gendis. Ba inda za ta. Ki kwantar da hankalinki.

Ƙaninki,
Danang

18 ga Maris

Yaya Lastri,

Gaisuwa mai yawa. Yaya sanyin can, yaya ciwon bayan? Mu lafiya lau.

Bari in fara da laifina. Ni ma a da kullum da la'asar bin Gendis nake da faranti har bakin gona, yadda duk matan layinmu ke yi. "Ga kaza! Ga babur!" Tana buɗe baki don mamaki sai in cusa cokali. Yaudara ce tsagwaronta, kuma yarinyar ta gane mu. Ranar Litinin ɗin da ta biyo bayan awo na kai hannu zan goge mata majina kawai, sai ta datse haƙora ta runtse ido. Yaya, hannun da ke nufo bakinta take tsoro, ko na wane ne.

Kin sha yi min dariya cewa na bar makaranta a aji huɗu na koma ɗalibin tsofaffin jaridun da muke naɗe tempe da su, curin waken soyan nan da muke sayarwa. To a cikinsu na tsinci rabin shafi a kan yara irin Gendis. An ce babba ya kawo abinci, yaro ya zaɓi abin da zai ci, kuma sabon abu sai an ajiye masa sau goma ko fiye kafin ya yarda. Ɗaya rabin na riga na naɗe wa matar liman tempe da shi. Na ruga gidanta, ta ce, "Kai Danang, na hura wuta da iliminka!" Sai na ƙarasa sauran da kaina.

Yanzu tabarma nake shimfiɗawa, mu zauna. Shinkafarta a gabanta, a gefe ɗan yankan tempe kamar farce. Cokali a hannunta. Ina cin nawa, ba na kallonta, ba na cewa ƙala. Ni da yin shiru! Kwana biyar tana ture tempen da bayan cokali. Na shida ta shinshina. Na takwas ta lasa ta tofar, na yi kamar ban gani ba. Shekaranjiya ta cinye, ta miƙa hannu ta ɗauke na farantina.

Kaka ta zo Asabar da gyalen goyo. Na ce kasuwa ta tashi. Ta kira ni marar kunya, na ce na amsa.

Ƙaninki,
Danang

2 ga Afrilu

Yaya Lastri,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan ta same ki cikin ƙoshin lafiya.

An yi awo yau. Kaka ta riga mu zuwa, har da jakar da za ta zuba kayan yarinya. Aka sa Gendis a zanen sikeli, ungozoma ta yi ta matsa ƙarfen. Kilo tara da giram ɗari takwas. Ta haye jan layin da kaɗan. Kada ki zaci ta zama ƙosasshiya: har yanzu ba ta taɓa ganye, ƙwai ma gwaiduwa kawai. Da sauran tafiya, amma na san hanyar.

Aka raba wa yara kunun wake, kamar kullum. Kaka ta ɗebo cokali ta nufi bakinta, yarinya ta datse haƙora ta runtse ido. Kaka ta tsaya da cokalin a sama, ta daɗe tana kallon fuskar nan. Sai ta ajiye shi a kofin, ta tura mata gabanta. Gendis ta sha cokali biyu da hannunta.

Da Kaka za ta tafi ta ce wa mata, "Kun gani? Cekok ɗina ne ya fara aiki." Amsa ta zo min har kan harshe, mai kyau ce kuwa. Na haɗiye ta. Jakar ta koma Solo yadda ta zo, ba komai a ciki.

Roƙo ɗaya nake miki. In kin kira ranar Lahadi, kada ki fara da "Kin ci abinci?" Ki tambaye ta sunan da ta raɗa wa kazarta.

Ƙaninki mai ƙaunarki,
Danang