Hoton da Na Ce Bai Fito Ba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ɗa ga mahaifiya, ina fatan kina cikin ni'ima a makwancinki. Shekara biyu ke nan ina dakon wata ƙarya, yau zan sauke ta.

Ni ne ɗan farinki, har kika koma ga Allah ba ki taɓa kama sunana ba, sai dai "kai wannan". Na ɗauki kowa hoto a gidanmu na Ƙofar Galadima, amma ni da ke babu ko ɗaya. Da na miƙa wa Saratu ƙanwata kyamara, sai ki shige ɗaki don kunya. Ranar da na nace, kika ce, "In dai ba idon kowa, to."

Wannan "to" ɗin ta kai ni Sabon Gari sayen maɓallai. Na yanke kan tsohon iyafis na jin rediyo, wanda ya shiga ramin kyamarar, na jona shi da doguwar waya, na huda gwangwanin man zafinki na dasa maɓalli biyu, ɗaya ya saita hoto, ɗaya ya ɗauka. Ina zaune kusa da ke zan danna, ba sai an kira kowa ba. Kwana uku ina ƙona yatsu da dalmar liƙa waya, ina ji da kaina kamar na ƙera jirgi.

Wata Juma'a mutan gida suka tafi biki. Kika ɗaura atamfarki ta Sallah, muka zauna a tabarma ɗaya. Na danna, shiru. Na tashi na taɓa waya, na dawo, shiru. Ya fi sau goma. Kika ce, "Bar shi haka, La'asar ta yi."

Sai na ɗaga miki murya. Ni, Inna! "Haba, ki zauna wuri ɗaya mana!" Na damƙe gwangwanin don haushi, sai ga kyamara ta ɗauka. Kika tashi kika ɗauki buta.

Na ce gobe zan ba ki haƙuri mu sake. Girman kai ya yi ta ja min goben har ciwo ya kwantar da ke.

Bayan rasuwarki Saratu ta tambaye ni hoton, na ce bai fito ba. Wallahi ya fito, tas. Ga ni baki buɗe, fuska murtuke. Ga ki kanki a sunkuye. Na daɗe ina zaton ɓacin rai ya sunkuyar da ke, sai da na zuƙo hoton na ga inda idonki yake. Yatsana kike kallo, wanda dalma ta ƙona, hannunki ya taso zai kama shi.

Kunya ta ishe ni, Inna. Ki yafe min. Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya sada mu a inda zan durƙusa in faɗa miki da bakina.

Naki har kullum,
"Kai wannan"